Sadaka Daban, Haƙƙi Daban: Masu Naƙasa a Wuraren Aiki

[Kiɗan buɗe shiri]

  

Yau za mu tattauna ne a kan 'yan'uwanmu masu naƙasa, waɗanda ake kira masu buƙata ta musamman, da yadda suke fama wajen samun aikin yi da kuma zama a bakin aikin idan sun samu. Maganar ta shafi shugaban ma'aikata da mai kamfani, ta shafi mai shagon ɗinki da mai garejin walda, ta shafi iyaye, ta kuma shafi shi kansa mai naƙasar. Don haka kowa ya matso kusa da akwatin rediyonsa.

Mu a ƙasar Hausa ba a san mu da rowar sadaka ba. Ranar Juma'a idan aka sauko daga masallaci, za ka ga hannuwa suna shiga aljihu suna fita, makaho ya samu, gurgu ya samu, kuturu ya samu. Wannan alheri ne, Allah ya karɓa. To amma ga abin da ke faruwa ranar Litinin. Saurayi ya turo kekensa na guragu zuwa ƙofar wata ma'aikata, ya sa kaftani mai guga, takardunsa na jami'a suna cikin ambulan a kan cinyarsa. Tun kafin ya buɗe baki maigadi ya ɗaga masa hannu ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, oga bai fito ba." Ya ɗauka bara ta kawo shi. Idan ya yi sa'a an bar shi ya wuce, sai ya tarar da matakala, ofishin da ake ganawa da masu neman aiki kuma yana hawa na biyu. Ko dai ya haƙura ya koma gida, ko kuwa majiya ƙarfi su ciccibe shi a gaban sauran masu neman aikin, ya isa gaban masu tambaya rigarsa a yamutse, zuciyarsa a karye. Mai yiwuwa shugaban da zai ce masa babu gurbi shi ne wanda ya fi kowa yawan sadaka ranar Juma'ar da ta wuce.

Abin da shirin yau ke son mu gane ke nan: sadaka daban, haƙƙi daban. Wanda ya zo neman aiki ba tausayi ya zo nema ba. Ya zo ne a gwada shi da ma'aunin da ake gwada kowa, a kuma kawar da abin da ke tare masa hanya.

Kada kuma a ɗauka maganar 'yan tsiraru ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Mutum ɗaya ke nan a cikin kowane shida. Wasu da ita aka haife su. Wasu shan-inna ce ta same su suna ƙanana, kafin Allah ya sa a tabbatar da kawar da nau'inta na daji daga nahiyar Afirka a watan Agustan 2020. Wasu ƙyanda ko sanƙarau suka tafi da jinsu ko ganinsu. Da yawa kuwa da girmansu abin ya same su: hatsarin babur, ciwon suga da ya kai ga yanke ƙafa, hawan jini da ya shanye ɓarin jiki, hawan jinin ido da ya rufe gani a hankali. Duk mai lafiya a cikinmu bai san abin da gobe za ta zo masa da shi ba.

[Gajeren kiɗa]

Wani zai ce ai wannan magana ta Turawa ce, daga waje aka kawo mana ita. Bari mu koma Madina. Sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah ya yarda da shi, makaho ne, kuma shi ne wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kan lamarinsa. Yana ɗaya daga cikin ladanan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tare da Bilal. Kiran sallar asuba yana buƙatar a ga ketowar alfijir, shi kuwa ba ya gani. Ba a karɓe ladancin daga hannunsa ba. Abin da ya tabbata a hadisi shi ne mutane ke gaya masa gari ya waye, sannan ya yi kira. Murya tasa ce, amana tasa ce, abu ɗaya da ya rasa sai aka cike masa shi. Haka kuma sau da dama idan Annabi zai yi tafiya yakan bar shi a Madina yana yi wa mutane limanci.

Abin da masana dokokin aiki ke kira gyara daidai gwargwado bai wuce wannan ba. A duba aikin, a ware abin da shi ne ainihin aikin, a duba abin da ke hana wannan mutum yin sa, a gyara wannan abin. Dubi tabarau. Rabin manyan ma'aikatanmu idan aka karɓe tabaransu ba za su iya karanta fayil ɗaya ba, amma ba wanda ya taɓa cewa alfarma aka yi musu da aka bar su suna sa shi. Kayan aiki ne. Haka gangaren hawa keke yake ga gurgu, haka manhajar karatu take ga makaho, haka tafinta yake ga kurma.

Yanzu bari mu ji abin da doka ta ce. A watan Disambar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu naƙasa. Jamhuriyar Nijar ta tabbatar da shigarta a 2008, Nijeriya kuma a 2010. Sashe na 27 na yarjejeniyar shi ne ke magana a kan aiki: daidaito wajen ɗauka, wajen albashi, wajen ƙarin girma, da wajabcin yin gyaran da ya dace a wurin aiki. Yarjejeniyar ta ɗauki ƙin yin wannan gyara a matsayin nuna bambanci, matuƙar gyaran ba zai zama nauyin da ya wuce kima ga mai ma'aikatar ba.

A nan Nijeriya, bayan shekaru da dama ƙungiyoyin masu naƙasa suna kai gwauro suna kai mari a Majalisar Tarayya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna musu bambanci a watan Janairun 2019. Ga kaɗan daga abin da ta ƙunsa, a saurara da kyau.

Na ɗaya, ta haramta nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa, ta kowace fuska. Kamfanin da aka samu da laifi tararsa Naira 1,000,000. Idan mutum ne shi kaɗai, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun.

Na biyu, sashe na 28 ya ba mai naƙasa 'yancin yin aiki daidai da kowa. Wanda ya tauye masa wannan 'yanci zai biya shi diyyar da ba ta gaza Naira 250,000 ba, idan kuwa kamfani ne ba ta gaza Naira 500,000 ba. A lura, wannan diyya hannun wanda aka zalunta take shiga.

Na uku, sashe na 29 ya ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ga cewa aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu naƙasa ne. Ma'aikatar da ke da mutum 200, ya kamata a sami 10 a cikinsu. A nan akwai abin lura guda biyu. Wannan kaso a kan ma'aikatun gwamnati aka ɗora shi, bai hau kan kamfanoni masu zaman kansu ba, ko da yake haramcin nuna bambanci ya hau kan kowa. Sannan cewar da aka yi a yi iya ƙoƙari ta bar wata kafa da mai son zillewa zai iya bi. Shi ya sa sai an riƙa tambaya, a riƙa ƙirgawa, a duk lokacin da aka buɗe ɗaukar ma'aikata.

Na huɗu, dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga domin masu naƙasa su iya amfani da su. Wa'adin nan ya cika a watan Janairun 2024. Mai sauraro, ka tuna da sakatariyar ƙaramar hukumarku, da bankin da kake zuwa, da makarantar 'ya'yanka, ka ba kanka amsa ko an gyara.

Dokar ta kuma kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020 ƙarƙashin James Lalu, daga baya aka naɗa Ayuba Gufwan a 2024. Shi Gufwan shan-inna ce ta same shi yana yaro, ya yi karatun lauya, ya kuma daɗe yana jagorantar wata cibiya a Jos da ke ƙera kekunan guragu tana rabawa. Jihohi irin su Filato da Legas da Jigawa da Kano da Kaduna su ma suna da nasu dokokin. A Nijar ma doka ta keɓe wa masu naƙasa kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ke nan ba doka muka rasa ba, aiwatarwa ce ta yi ƙaranci.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan masu naƙasa da wuraren aiki. Bari mu shiga cikin ma'aikatar mu ga gyaran nan da idonmu.

Mu fara da mai keke ko mai sanda. Abu na farko shi ne shiga. Gangaren da ake yi a gefen matakala yana da ƙa'ida: duk tsayin ƙafa 1, a ba shi tsawon ƙafa 12. Matakala uku, wadda tsayinta bai wuce rabin mita ba, tana buƙatar gangare mai tsawon kusan mita 6. Abin da muke yawan gani shi ne birkila ya zuba siminti a tsaye, ya shafe shi sumul, wani ma har da tayil mai santsi, wanda ko mai lafiya sai ya yi taka-tsantsan. Irin wannan ba gyara ba ne, tarko ne. A yi shi da kaushi, a sa masa ƙarfen riƙewa. Ƙofa kuma ta kai faɗin santimita 90 domin keke ya wuce. Sai banɗaki, wanda shi ne abin da ba a son faɗa. Akwai ma'aikatan da ke ƙin shan ruwa tun safe har a tashi, a cikin zafin watan Afrilu, don kawai ƙofar banɗakin ofis ba ta karɓar kekensu. Idan kuma ginin bene ne babu na'urar hawa, ko akwai amma wuta ba ta tsayawa, ba sai an rushe komai ba: a sauko da teburinsa ƙasa, a riƙa yin taron ma'aikata a ƙasa.

Sai makaho. Mutane da yawa har yanzu suna mamakin yadda makaho ke aiki da kwamfuta. Akwai manhajojin da ke karanta masa duk abin da ke kan allo da murya. Ɗaya ana kiranta JAWS, ita sayenta ake yi. Ɗaya kuma NVDA, kyauta ce ga kowa. Wayoyin hannu ma suna zuwa da irinta: TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone. Za ka ga makaho ya sa abin ji a kunne, yatsunsa suna gudu a kan madannai, muryar tana zuba da saurin da kai mai ido ba za ka tsinci ko kalma ɗaya ba, shi kuwa ya riga ya gama wasiƙa ya tura. Abin da ke karya masa gwiwa ƙanƙane ne: abokin aiki ya ɗauki hoton takarda da waya ya tura masa. Manhajar rubutu take karantawa kai tsaye, hoto kuwa sai an bi wata doguwar hanya, sau da yawa kuma a sami kurakurai. A tura masa ainihin rubutun da aka buga, shi ke nan an gama. A kuma daina sauya wa kujeru da tebura wuri ba tare da an gaya masa ba, a daina barin ƙofa rabi a buɗe. Wanda ya iya rubutun makafi, wato ɗigogin nan shida da Bafaranshe Louis Braille ya ƙirƙiro, a bar shi ya yi amfani da kayansa. Jami'ar Bayero ta Kano ta ga Jibril Isa Diso, makaho, ya koyar da ɗalibai har ya kai matsayin farfesa. Hukumar JAMB kuma tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta hanyar da ta dace da su. Waɗannan ɗalibai suna kammala karatu duk shekara, suna fitowa neman aiki.

Sai kurma. Shi matsalarsa ba gini ba ce, sadarwa ce. A kira taro, a yi awa biyu ana magana ana dariya, yana zaune yana kallon bakuna, a tashi wani ya ce masa da hannu, "ba komai." Gobe a ce bai bi umarni ba. Gyaran shi ne a rubuta masa saƙo maimakon kiran waya, a ba shi abin da za a tattauna a rubuce kafin taro da abin da aka yanke bayan taro, a kawo tafinta a manyan zama, a fuskance shi idan ana magana. Inda ake kaɗa ƙararrawar gobara, a haɗa da fitila mai walƙiya. A kuma tambaye shi wane yaren hannu yake yi, domin kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu ta gado, wadda ta bambanta da wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga Amurka.

Akwai kuma waɗanda lalurarsu ba ta fito fili sosai ba. Zabiya rana ce abokiyar gabarsa, tana iya jawo masa kansar fata, ganinsa kuma yana da rauni: a ba shi aikin inuwa, a ƙara girman rubutu. Mai farfaɗiya, a sani ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, magani kuma yana riƙe ta ga mafi yawan masu ita. A nisanta shi da hawa sama da bakin wuta, a sauƙaƙa masa aikin dare domin rashin barci na tayar da ita. Idan ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. Wanda ya yi kuturta ya sha maganinsa ya warke, ba ya harbin kowa, ko da yatsunsa sun nuna alama. Mai sikila da mai lalurar ƙwaƙwalwa da ke shan magani, babban abin da suke buƙata shi ne a ba su ranar zuwa asibiti, a kuma rufa musu asiri. Abin da ma'aikaci ya gaya wa shugabansa game da lafiyarsa amana ce, ba labarin teburin mai shayi ba.

[Gajeren kiɗa]

Na san akwai mai ma'aikatar da ke sauraro yana cewa, "Malam, duk wannan kuɗi ne, mu kuwa da ƙyar muke biyan albashi da sayen man janareta." To, Alhaji, mu yi lissafi. Sauko da tebur ƙasa nawa ne? Tura rubutu maimakon hoto nawa ne? Barin ma'aikaci ya zo ƙarfe tara ya tashi ƙarfe biyar, saboda masu adaidaita sahu ba sa son tsayawa su ɗauki mai keke da sassafe, nawa ne? A Amurka, inda aka sa hannu a kan dokarsu ta masu naƙasa tun 1990, wata cibiya mai suna Job Accommodation Network ta daɗe tana tambayar masu kamfanoni a kan wannan, kuma abin da take samu shi ne wajen rabin gyare-gyaren ba sa cin ko sisi. Waɗanda ke cin kuɗin ma, yawanci sau ɗaya ake kashewa. Gangaren da ka gina saboda ma'aikaci ɗaya, tsoho mai ciwon gwiwa zai bi, mai juna biyu za ta bi, mai turo kaya a baro zai bi.

Ba kuma cewa ake yi ka ɗauki wanda ba zai iya aikin ba. Ba wanda ya ce a ba makaho tuƙin mota. Ba wanda ya ce a rage ingancin aiki ko a ɗaga wa malalaci ƙafa don yana da naƙasa. Abin da ake cewa shi ne kada ka yanke hukunci da ido tun daga ƙofa. Ka tambaye shi yadda zai yi aikin, ka ba shi dama ya nuna maka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya shekara da shekaru yana warware matsalolin da kai yau ka fara tunaninsu.

Daidaiton kuma tun daga sanarwa yake farawa. Idan a rediyo kaɗai aka yi ta, kurma bai ji ba. Idan a allon sanarwa kaɗai aka manna, makaho bai gani ba. Idan shafin intanet na cike takarda yana da haruffan nan masu karkacewa da ake cewa a kwafa, babu zaɓin saurare, an rufe wa makaho ƙofa tun yana gida. A takardar gayyata zuwa ganawa a ƙara layi ɗaya: duk mai buƙatar wani tanadi ya sanar da mu. Bayan an ɗauka kuma, kada a yi abin da ya zama ruwan dare, wato a ba mutum kujera a lungu, ba fayil, ba kwas, ba ƙarin girma, albashi kawai yana shiga. Wasu ma cewa ake yi su zauna a gida, za a riƙa turo musu. Wannan sadaka ce aka sauya wa suna, kuma tana kashe zuciya.

Yawancin mutanenmu ba a ofis suke cin abinci ba, a kasuwa ne da bakin sana'a. Saboda haka maganar ta fi shafar oga mai yara a shago. Gyaran waya irin wanda ake yi a kasuwar Farm Centre ta Kano aikin zaune ne, ido da yatsu yake so. Keken ɗinki idan aka sa masa mota, wanda ƙafarsa ba ta taka feda zai yi ɗinki da shi. Kurame sun yi suna a kafinta da ɗinki da aski. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, ta daɗe da garejin da guragu ke yanka ƙarfe suna walda suna ƙera kekunan da 'yan'uwansu ke hawa. Idan uba ya kawo maka ɗansa mai naƙasa ya ce, "Ga ɗanka nan, a koya masa sana'a," kada ka ciro ɗari biyar ka sallame su. Ka rage wa benci tsawo, ka matso da kayan aiki inda hannunsa zai kai, ka hana sauran yara yi masa ba'a, ka kuma yi masa faɗa idan ya yi wasa kamar yadda kake yi wa kowa.

Ga kuma ma'aikacin da naƙasa ta same shi yana bakin aiki. Inji ya cinye masa yatsu, ko ya faɗo daga kan gini. Abin da aka saba shi ne a biya kuɗin asibiti na 'yan kwanaki, a haɗa shi da "Allah ya kiyaye gaba," a nemi wani. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF, domin a yi wa wanda ya ji rauni a bakin aiki magani, a biya shi diyya, a taimaka masa ya koma aiki. Mutumin da ya shekara goma yana sarrafa inji, ko ya rasa hannu bai rasa sanin injin ba. Zai iya koyar da sababbi, zai iya duba ingancin kaya, zai iya riƙe sito.

[Gajeren kiɗa]

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ga saƙo ga 'yan'uwa masu naƙasa. Ku nemi ilimi da sana'a da gaske, domin doka ƙofa take buɗewa, ƙwarewa ce ke zaunar da mutum. Idan kana buƙatar gyara a wurin aiki, kada ka yi shiru kana cizon yatsa. Ka rubuta, ka faɗi abin da ke hana ka, ka faɗi abin da zai warware shi, ka ajiye kwafi. Idan an hana ka aiki ko an kore ka saboda naƙasa, ka adana sanarwar aikin da duk wata takarda ko saƙo, ka riƙe sunayen shaidu. Ka kai kuka ga Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta JONAPWD da ke jiharku. Rigimar aiki kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraronta. Sarakunan makafi da na guragu da na kutare, ku ma kuna da murya a fada. Ku yi amfani da ita wajen neman guraben aiki da na koyon sana'a ga matasanku.

Iyaye, yaron da aka ɓoye a ɗaki, ko aka tura titi da ƙoƙo, ba zai zo ranar ɗaukar aiki da takarda ba. Dokar 2019 ta ba mai naƙasa ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma haramta amfani da shi wajen bara. Akwai makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da ta makafi a Gindiri. 'Ya mace mai naƙasa ita ta fi shiga haɗari, don haka ita ta fi buƙatar abin dogaro da kai.

Shugabannin ma'aikatu da masu kamfanoni da masu shaguna, ga aikin gida na wannan mako. Ku ƙirga ma'aikatanku, ku ga mutum nawa ne masu naƙasa. Ku taka daga bakin titi zuwa teburinku, zuwa banɗaki, zuwa masallacin ma'aikata, kuna ƙirga matakala. Ku kira maigadi ku gaya masa duk wanda ya zo a tambaye shi abin da ke tafe da shi kafin a sallame shi. Idan kuna da ma'aikaci mai naƙasa, ku zauna da shi ku tambaye shi abu ɗaya da in an gyara aikinsa zai ƙara kyau, ku gyara shi kafin ƙarshen wata.

A nan za mu dasa aya. Muna jiran saƙonninku da tambayoyinku, musamman daga masu naƙasa da ke aiki da kuma waɗanda suka ɗauke su aiki, domin mu karanta su a shiri na gaba. Wanda ya saurara, ya isar wa maƙwabcinsa kurma da hannu ko a rubuce.  

[Kiɗan rufe shiri]